Kurɓi Na Huɗu

Shekaruna ashirin da 'yan kai lokacin da jirgin ƙasa ya sauke ni a Ikko, bayan an gama babban yaƙin Turawa na biyu ba da daɗewa ba. Ina da akwatin ƙarfe guda, da buta, da girman kan da ya fi akwatin nauyi. Ni ɗan gidan malamai ne a Kontagora. Kakana yana cikin waɗanda suka zauna garin tun ana sare dajinsa, ubana kuwa ba a raɗa suna a unguwarmu sai ya iso. Na sauke, na karanta littattafan farko na fiƙihu, na kuma ɗauka duniya za ta riƙa matsa mini wuri kamar yadda ake matsa mini a zauren gidanmu. Abin da zan faɗa a nan ban taɓa gaya wa ubana ba har ya koma ga Allah. Labari ne na wani wurin alwala a gindin waya, da wani dattijo da ya jingine mutuncinsa a kansa, da abin da ni na yi musu su biyun.

A Ikko ban kai azahar da akwatina ba. Wani mutum ya tare ni a bakin tasha, rigarsa fes, Hausarsa ta fi tawa daɗi, ya ce ai ya san gidanmu, har ya taɓa shan fura a ƙofar ubana. Ban tambaye shi sunan uban nawa ba, ni ne ma na faɗa masa. Ya ce ana ɗaukar ma'aikata a jirgin ruwa, amma sai an fara kai kayan mutum an buga musu hatimi. Ya zaunar da ni a gindin wata bishiya, ya ɗora akwatin a ka don ya hutar da ni, har ina yi masa godiya. Ina nan zaune har inuwar ta bar ni. Butar ce kaɗai ta tsira, don tana hannuna. An ce baƙo ko da ido makaho ne, amma ni har da sanda na miƙa aka ja ni.

Kwana goma sha na yi ina kwana a barandar wani masallaci a unguwar Hausawa. Komawa gida ba ta taso ba, don na riga na cika baki a majalisa cewa ba za a sake ganina ba sai da keken ɗinki a ka. Wani mai goro ne ya ce mini in ina son arziki in wuce ƙasar Gwalkwas, ya haɗa ni da wasu fatake masu zuwa Ankara, babban birnin ƙasar, su ciyar da ni, ni in ɗauki kaya.

Muka bi gaɓar teku, wani wuri a ƙafa, wani wuri a kwalekwale, muka wuce Kwatano muka nufi Lome. Ni da ban taɓa ɗaukar abin da ya fi allo ba, sai ga ni da gammo. Rairayi ya cinye takalmana, dugadugaina suka tsage. Ranar da ruwan butata ya ƙare na gangara na ɗebi na teku, don na karanta cewa yana tsarkakewa. Malamai sun yi gaskiya, amma ba su faɗi yadda gishiri yake yi a cikin faso ba. Ina zuba shi a ƙafa na ji har tsakar kaina, na zauna ina hawaye ina kallon ruwan da ba shi da ƙetare, ina tuna kogin garinmu da yadda muke tsallaka shi da rani wando a naɗe. Wata matar masunci da ke shanya kifi ta daɗe tana kallona. Ta shiga bukkarta ta fito da ƙwarya cike da ruwan rijiya, ta ajiye gabana, ta nuna ƙafafuna, ta koma kan kifinta. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata yaren, ba kuma salla take yi ba. Na sake alwala da ruwanta, na yi mata addu'a, ba ta ko waiwayo ba.

A Ankara na yi wata biyu a zango, unguwar Hausawa, ina wanke kwanuka a rumfar wata mai tuwo. Nan na koyi cin dokunu, wani curin masara mai tsami da suke naɗewa a ɓawo, ina ci ina mafarkin tuwon dawa da miyar kuka. Nan kuma na ji labarin daimon. Aka ce can cikin kurmi akwai wani kamfanin Turawa da ke haƙar wani dutse wanda bai wuce ƙwayar gero ba, amma ɗaya tak yana iya sayen garken shanu. Na hau bayan motar katako na tafi.

Wurin fili ne da aka share a tsakiyar kurmi, an kewaye shi da waya mai ƙaya, ƙofa guda. A ciki akwai ramuka inda ake haƙo tsakuwa, da masu jigilarta a kwanon sarki, da dogayen kwamaye na ruwa inda ake girgiza ta a rariya har dutsen ya bayyana. Da yamma in an tashi, kowa sai ya bi layi a ƙofa 'yan gadi su bincike shi. Ka buɗe baki ka ɗaga harshe, a leƙa hanci da kunne, a tsefe gashi, ka zauna ka ware yatsun ƙafa. Ranar da na fara gani na ce a raina, duk inda alwala take bi nan su ma suke bi.

Na isa ƙofar ba na iya taka ƙafar dama, ta kumbura tana ruwa. Akawun da ke ɗaukar ma'aikata ya dube ni ya kaɗa hannu in wuce. Ina juyawa na yi wata 'yar addu'a a fili, sai na ji wani daga baya ya tambaye ni ko daga ƙasar Kontagora nake. Dattijo ne gajere, kakkaura, da furfura a gemu da tsagar Kambari a fuska. Sunansa Baba Audu, daga wani ƙauye bayan Nasko, shi ne helman masu rariya, wato shugabansu. Ya ce ya ji garin a bakina. Hausarsa irin ta mutanen ƙauyukanmu ce, mai ɗan karkata, kuma rabona da jin irinta tun a kasuwar gida, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido. Ya yi magana da akawun aka rubuta ni. Ya kai ni ɗakinsa, ya dafa ruwa da gishiri ya gasa mini ƙafar da hannunsa, ya shafa man kaɗanyar da yake ta tattali tun daga gida. Yana yi yana tambayata ko har yanzu doyar Mashegu tana shigowa kasuwa, ko an yi ruwa bana. Da ya ji ɗan wane ne ni sai ya saki ƙafar ya gyara zama, tun daga ranar bai sake kirana da komai ba sai Ɗan Malam.

Baba Audu ba a musulunci aka haife shi ba. A soja ya musulunta, a hannun wani abokinsa da aka kashe a yaƙin, a dajin ƙasar Bama, tun bai gama koya masa ba. Abin da ya samu guntu-guntu ne, ya riƙe shi kuwa da hannu biyu. Kafin zuwansa, musulmin da ke cikin waya ba su da halin azahar da la'asar sai in an tashi su rama, don an hana kowa matsawa daga bakin aiki, an hana shiga da buta. Shi ya yi ta sintiri ofishin Manaja da takardarsa ta sallama daga soja, ana korarsa yana komawa. Manaja ya ce ya san abin da za a yi da wurin wanke baki da ƙafa a gidan daimon. Baba Audu ya ce a ba shi wurin a wuyansa, duk ranar da aka samu dutse ko ɗaya a can, kada a nemi kowa, shi za a kama, a kuma rushe wurin. A kan wannan alkawari aka yarda, kuma kowane sabon zuwa sai ya zaunar da shi ya faɗa masa. Ni ma ya faɗa mini, na ce Allah ya kiyaye.

Da hannunsa ya gina wurin, a gindin waya ta gabas. Rabin duro ne na ruwa, da duwatsu shida na zama, da tsakuwa a shimfiɗe don kada a yi caɓi. Ya tsaga gora ya kwantar ta zama magudana, ruwan da aka yi amfani da shi ya bi ta ƙarƙashin waya ya fita waje. Kowace safiya kafin a buga ƙararrawa shi ke cika duron, shi ke share ganye. Mu kusan talatin ne, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da 'yan Barno, muna zuwa shida-shida, ɗan gadi yana tsaye daga nesa. In ka tsoma hannu a ruwan nan bayan ka wuni cikin laka, ka wanke fuska, ka ji sanyi ya sauka a wuya, sai ka tuna kai mutum ne mai suna da gari. Ko waɗanda ba sa salla suna sha'awarmu a lokacin.

A satina na farko na ga Baba Audu yana alwala, ya shafi kai sau uku, ya wanke ƙafa kafin kunne. Maimakon in ja shi gefe, sai na yi dariya a gaban mutane, na tambaye shi wane malami ne ya koya masa wannan. Na zauna na jero masa farillai da sunnoni da ƙarfi, yadda kowa zai ji cewa ɗan gidan ilimi ya iso. Na ce kuskurar baki sau uku, shaƙa ruwa sau uku, kai sau ɗaya, wanda ya ƙara ya yi abin ƙi. Mutumin da ya gasa mini ƙafa ke nan. Bai ji haushi ba ko kaɗan, murna ma ya yi, ya ce Allah ne ya aiko ni. Ya janye daga limanci ya tura ni gaba, kuma tun daga ranar, in za mu yi alwala, sai ya zauna a dutsen da zai riƙa ganina.

A wajen waya, daidai inda gorar take zubarwa, akwai wani ɗan lambu. Mai shi wani Bahaushe ne daga zangon garin, ana ce masa Ɗan'iya, mai fara'a, mai yawan salati. Ya haƙa ɗan rami inda ruwan yake taruwa, yana ɗiba yana ba alayyafo da tattasai, yana cewa ruwan alwala albarka gare shi. Baba Audu yana jin daɗin wannan magana. Wata Lahadi Ɗan'iya ya gayyace ni gidansa, matarsa ta yi tuwon dawa da miyar kuka, na ci har na ji kunya. Muna wanke hannu ya tambaye ni damina nawa zan yi ina girgiza rariya kafin in sayi keken ɗinkin nan. Ya ce dutsen na Allah ne, ƙasar ta baƙar fata ce, Bature bai shuka ba. Sannan ya ce gora santsi gare ta, duk abin da aka saka a bakinta aka bi shi da ruwan buta, a raminsa zai kwana.

Na ce masa a'uzubillahi. Na faɗa har sau biyu, amma ban tashi na tafi ba, na tsaya na sha fura.

Bayan kwana tara wani dutse ya ƙyalla a rariyata, ɗan ƙarami kamar tsabar barkono. Na ɗaga hannu kamar mai share gumi, sai ga shi a ƙarƙashin harshena. Har aka buga ƙararrawar azahar ban haɗiye miyau da daɗi ba. Na zaɓi dutsen zama na ƙarshe, wanda duro ya kare daga idon ɗan gadi, kusa da bakin gora. Na yi niyya, na wanke hannu, na kuskure baki sau uku da dutsen a maƙale, ina tofarwa kan tsakuwa kamar kowa. Sannan na sake kurɓa, na sunkuya har gemuna ya kusa taɓa gorar, na sake shi, na bi shi da ruwa.

Wannan kurɓi na huɗu dabarata ce, kuma har alfahari na yi da ita a raina. Na ce ukun farko na Allah ne, ba zan gauraya su da komai ba, na huɗun kuwa ba ya cikin alwala, saboda haka alwalata tana nan da tsarkinta. Jahili da ya yi sata ya san sata ya yi. Ni sai da na nemo mata mazauni a fiƙihu. Na ƙarasa, na wanke ƙafa ina tsefe yatsu, na tashi na shiga gaba, Baba Audu yana bayana, na ja su salla da bakin da ya gama wannan aiki. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Cikin wata uku na yi haka sau bakwai ko takwas. Abin da Ɗan'iya ya ba ni bai wuce na riga da takalmi ba, sauran kullum sai mai saye ya zo daga Ankara. Na sa rigar ranar Juma'a, Baba Audu ya shafa ta ya ce ta dace da liman. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko tari ɗan gadi ya yi sai gabana ya faɗi. Na rame, na daina zuwa ɗakin Baba hira, ya ɗauka zazzaɓi ne ya aiko mini da saiwa. Sau da yawa na yi niyyar dainawa, sai dutse ya sake ƙyallawa.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wani ɗan gadi ya lura mai lambu ya fi damuwa da lakar ramin fiye da alayyafonsa, har da 'yar rariya yake zuwa. Kafin a je kama shi wani ya tsegunta masa, Ɗan'iya ya cika wandonsa da iska, da matar da duwatsun duka. Da hantsi aka tsayar da aiki, aka tara mu musulmi a gindin waya. Aka kwashe lakar ramin aka wanke a gabanmu, aka samu dutse biyu. Ɗaya na gane shi, na shekaranjiya ne.

Manaja ya zo da tafinta, fuskarsa ja wur. Ya tambayi ɗan gadin wa ya gani. Ni kuwa na fara karanta duk abin da ya zo bakina. Ɗan gadin ya ɗauki buta ya zauna a dutse ya kwatanta. Ya kuskure baki sau uku, ya sake kurɓa, ya sunkuya har bakin gora ya tofar, ya bi da ruwa. Ya ce akwai mai yin haka kullum, azahar da la'asar, ba ya ko ɓoyewa. Ya miƙe ya nuna Baba Audu.

Aka tambayi Baba ko haka ne. Ya ce haka ne, yana yi. Aka tambaye shi duwatsun, ya ce bai san su ba, bai taɓa sa dutsen kamfani a bakinsa ba. Sannan ya ce wa tafinta:

"Amma ka gaya masa ban manta da maganarmu ba. Wurin a wuyana yake. Kada a taɓa yaran nan."

Tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba. Kalma uku ce kawai ake bukata daga gare ni, na kuwa san su, suna kan harshena inda dutsen yake zama. Ban faɗe su ba. Maimakon haka wani tunani ya zo mini, na rungume shi kamar wanda ruwa ya ci ya samu reshe: ashe shi ma yana yi. In ba haka ba me zai kai shi bakin gora? Watakila Ɗan'iya ya yi masa tuwo shi ma. Watakila ɗayan dutsen nasa ne. Na san mutumin, na san hannun da ya gasa mini ƙafa, amma na zaɓi in yarda da wannan don in samu in tsaya da ƙafafuna. A duk abin da na yi a ƙasar nan, wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Aka sa masa ankwa aka tafi da shi. A gabanmu aka kifar da duron, aka tumɓuke gorar, aka watsar da duwatsun zama, aka tattara butocinmu aka jefa bayan waya. Muka koma ramuwar salla da yamma, hannu da ƙafa cikin laka tun safe har faɗuwar rana. Mutane suka yi ta tsine wa Baba Audu. Wani ya ce dama tubabbe ne, ba a raba shi da halin da. Wani ya ce shi ya sa ya nace a ba shi wurin. A gabana ake faɗa, ana juyowa ana neman in sa baki a matsayina na liman, ni kuwa sai in ce Allah ya rufa mana asiri, su ce amin. Labari ya zo cewa alƙalin Turawa ya ɗaure shi, an kai shi gidan yarin babban garin lardin.

Na ƙara wata biyu ina ja musu salla a zango, ban san ko ɗaya ta karɓu ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. In na kurɓi ruwa zan kuskure baki sai in ji kamar akwai tsakuwa a ciki. Daga ƙarshe na ajiye aikin ba tare da na yi sallama da kowa ba, na hau mota zuwa babban garin, da niyyar in samu wata mai zuwa arewa.

Motar arewa ba ta tashi sai ta cika, ina zaune a tasha da hantsi sai ga fursunoni an fito da su suna saran ciyawa a bakin hanya, cikin gajerun wanduna, gandiroba yana biye da su da kulki. Na gane shi daga baya, ta yadda yake sunkuyawa. Na so in ɓuya bayan mota, amma ya riga ya ɗago. Fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Gandiroban mutumin arewa ne, na ba shi goro biyu ya juya mana baya.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Bai bar ni na yi magana ba, ya shiga tambayata mutane ɗaya bayan ɗaya, da ko an mayar da duron. Na ce ba a mayar ba. Ya jinjina kai, ya ce laifinsa ne, da ya sa ido a kan mai lambun nan. Ya ce har yanzu yana rasa wane ne a cikin yaranmu, yana dai roƙa masa shiriya. Sannan ya matso, ya rage murya kamar mai jin nauyi, ya ce dama yana ta addu'a Allah ya haɗa shi da mai ilimi, don wata matsala ta taso musu a ciki.

Ya ce akwai mutum biyu da suka musulunta a hannunsa a gidan yarin, yana koya musu alwala. Wani Bazabarme da ke ɗaure tare da su ya ce yana ɓatar da su, har suka yi musu.

"Na ce masa ni ba da ka nake yi ba. Ɗan malamai na Kontagora na gani yana yi, da idona. Uku a sama, na huɗu a sunkuya ƙasa. Na ga ba kullum kake yi ba, na ce watakila na manyan ranaku ne, irin ilimin gidanku da ba a faɗa wa kowa. Na ji kunyar tambaya, kada ka sake yi mini dariya. Sai na ce ni da na makara, bari in riƙa yi kullum, ko na cike abin da ya wuce ni."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Masu sara sun yi gaba, ana jin ƙarar addunansu, wani yaron mota yana kiran fasinja. Baba Audu yana tsaye yana jira, da addarsa a hannu, kamar yadda ɗalibi yake jiran malami ya buɗe baki.

"To, Ɗan Malam, uku ne ko huɗu?"

"Uku ne, Baba."

"To na huɗun fa?"

Na ce masa na huɗun ba na addini ba ne. Na ce a nan nake sakin dutsen. Na faɗa ina kallon ƙafafunsa, babu takalmi, ciyawa ta yayyanke su.

Na jira ya zage ni, ko ya kira gandiroba, ko ya ɗaga addar, kowanne ya yi da na ji sauƙi. Na ce zan je in faɗa wa hukuma, ban sani ba ko da gaske nake. Ya ce in na faɗa za su ɗaure mutum biyu ne a maimakon ɗaya, duron kuma ba zai dawo ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, bai kuma sake kirana Ɗan Malam ba. Gandiroba ya buga kulki a ƙasa alamar lokaci ya yi.

Baba Audu ya share fuska da bayan hannu, ya gyara riƙon addarsa.

"Sai in je in ba Bazabarmen nan haƙuri," in ji shi. "In kuma gyara wa mutanen nan biyu tun bai zauna musu ba."

Ya juya ya bi sahun 'yan uwansa, ya sunkuya ya ci gaba da sara.